Ƙugin da ke Bayan Muryar Baba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can saman dutse. Na san za ka juya takardar nan kana neman mai ita, domin rabonmu da haɗuwa tun rasuwar matarka, Allah ya jiƙanta. Auta ce, ta wajen Yayarka, wadda ka taɓa gyara wa 'yar rediyo ka ce in daina yi mata wanka. Na nemi wayarka har na gaji. Daga baya aka ce min a tashar eriyar da kake kula da ita ba a samun layi, sai dai a ba direban da ke kai muku man janareta saƙo.

Inna tana gaishe ka. Idon ya tafi gaba ɗaya, amma jiki ƙalau, baki ma ƙalau. Baba da sauƙi. Ƙirjin ne ke matsa masa, likita ya ce huhun ya gaji, kuma maganarsa ta fara gajarta. Dalilin takardar ke nan.

Tun da idon Inna ya rufe, kullum da safe Baba yakan tsaya bakin tagar falo ya karanta mata labaran titinmu, da irin muryar da ya yi aikin gidan rediyo da ita. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a masu sauraro, wato ke kaɗai, ga kanun labarai. Mai shagon ƙasa ya sake fentin ƙofarsa, kuma har yanzu bai iya zaɓen launi ba." Ita kuma ta riƙa katse shi tana cewa ƙari yake yi. Da wannan take karya kumallo, kafin shayi ma. Yanzu kuwa bai yin nisa numfashi ke yanke masa.

Shi ne ya ce zai ɗauki labaran da yawa ya ajiye mata, ta riƙa kunnawa ranar da ba zai iya ba. Bai faɗi wace rana yake nufi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya tono tsohon makirufonsa daga ƙasan kaya, da ɗan akwatin ƙarfen nan mai ƙara ƙarfin murya wanda ya ce kai ka haɗa masa da hannunka. Ni kuma na aro tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka daga shagon da nake buga takardu.

Muka ɗauka, muka saurara, sai ga wani ƙugi a bayan muryarsa kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Ni dai ina jin maganar sarai. Na ce mu yi da wayata kawai, ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce waya matse murya take yi, kuma shi bai taɓa sakin sauti mai datti ba, ba zai fara a kan matarsa ba. Ya sa na goge. Ya ce, "Rubuta wa Kunne, shi kaɗai ya rage wanda ya san ciwon abin nan." Na ce wane ne Kunne, ya ce haka suke kiranka a wurin aiki, domin kana jin ƙarar da ba a yi ba tukuna.

Don Allah Kawu ka gaya min abin yi. Tsorona kada mu tsaya gyaran ƙara har muryar ta ƙare.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin man dizal, kuma na gane ki tun a wankan rediyo. Lafiyata lau, sai gwiwa da ta daina shiri da matakalar eriya. Ki gaishe min da Yaya, ki ce mata ƙaninta bai mutu ba, rashin zumunci ne kawai. Na ji daɗi da kika ce Mai Labarai da sauƙi. Ki ce masa na ga tsufa bai rage masa iyayi ba.

Sai dai a wannan karon gaskiyarsa ne. Ƙugin nan ba daga bakinsa yake ba, ba kuma laifin makirufo ba ne, wuta ce. Duk abin da ke jone a gida yana zubar da dattinsa a cikin wutar bango, da firij da fanka da caja mai araha. Dattin ya bi waya ya shiga akwatin nan, shi kuwa akwatin aikinsa ya ƙara ƙarfin duk abin da aka miƙa masa. Bai san bambancin mijin Yaya da firij ba.

Ki fara da zare cajar kwamfutar, ta yi aiki da batirinta. Ki raba wayar makirufo da wayoyin wuta, kada su kwanta tare, in dole sai sun haɗu to su gitta juna su wuce. Kwamfutar da akwatin su sha daga soket ɗaya mai ƙafa uku, kuma ki sa mai gyaran wuta ya duba ko ƙafa ta ukun, ta wayar ƙasa, tana aiki. A gidaje da yawa ado ce kawai.

In duk wannan bai yi ba, sai a koma yadda muke yi da can. Ki sa abin saurare a kunne, ki bi gidan kina kashe kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika kashe ƙugin ya ɗauke, shi ne ɓarawon. Kada ki ji tausayin komai, ki kashe shi har a gama ɗauka.

Ki kuma ɗauko min ƙugin shi kaɗai. Ki kunna ɗauka, kowa ya kame bakinsa na ɗan lokaci, ki zuba a memori ki ba direba. In na ji shi da kunnena zan faɗa miki sunansa da na ubansa.

Batun gaggawa kuma, ki kwantar da hankalinki. Ku yaran yanzu komai sai a yi a wuce. Ni da ubanki mun taɓa maimaita shiri ɗaya tun safe har la'asar saboda kujera ta yi ƙara, kuma babu wanda ya mutu. Abin da za a bar wa Yaya ta riƙa ji kullum, a yi shi da kyau.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa gwiwa sannu. Inna ta ce in gaya maka rashin zumuncin ta san shi tun kana rarrafe. Baba da sauƙi. Ya karɓi takardarka ya karanta da kansa, ya sake karantawa, yana dariya yana tari, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba, na gode.

Na bi abin da ka ce. Batirin kwamfutar shagonmu ya mutu tuntuni, ana zare caja take ɗaukewa, don haka na aro ta abokiyar aikina. Ƙugin ya ragu, amma bai tafi ba, tunda akwatinka shi dole sai an jona shi a bango. Mai gyaran wuta na ƙasan bene ya buɗe soket ɗin falo ya tarar wayar ƙasa a yanke, an cusa ta ciki kawai. Ya haɗa, ƙugin ya ƙara raguwa. Doguwar fitilar kicin ita ke kawo wata siririyar tsuwa a sama, na kashe. Firij na kashe shi har ya jiƙa mana daɓe. Fanka ma mun haƙura da ita, muna ɗauka muna zufa.

Abin da ya rage ƙugi ne siriri, can ƙasa, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ka ji tak, sai wani fsss ya biyo baya. Na kashe duk abin da za a iya kashewa, Kawu.

Ni wallahi a kunnena ya isa haka. Shekaranjiya Baba ya yi wani labari mai daɗi, a kan telan da shagonsa ke kallon gidanmu wanda ya ɗinka wa kansa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa abin saurare, ina kallon fuskarsa tana canzawa, ya ce, "Goge." Na ce Baba a bar wannan ɗin mana. Ya ce, "Kunne ya ce a yi da kyau." Yana tsaye a kaina har sai na goge, kuma ya san da kwandon sharar kwamfuta, can ma sai ya ga na share. Na gwada ajiye wayata a ƙarƙashin matashin kujera ta ɗauka a ɓoye. Ya gani, ya rufe bakinsa, bai sake cewa uffan ba sai da na kai ta ɗaki.

To ka ga inda muke. Duk safiyar da ya yi magana, ƙarfinsa na ranar ke nan ya tafi, kuma har yau ba mu da ko ɗaya a ajiye. Raina yana ɓaci, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake biye masa.

Ga memorin a naɗe cikin takardar. Da ƙyar na samu suka yi shiru. Ka yi haƙuri da surutun farkon, ban iya yankewa ba.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, ki gaishe da Yaya. Na saurari memorin, kuma tun da na saurara ban zauna ba.

Wannan tak ɗin da fsss na bayansa na san su. Ba firij ba ne, ba fitila ba ce. Na zauna da su a ɗaki ɗaya watannin ƙarshe na matata. Injin iskar numfashi ne, wanda ake sa wa mutum robarsa a hanci. Auta, tun yaushe ubanki yake kan injin nan? Kin rubuto min da sauƙi, kin sake rubuto min da sauƙi, ni kuma na ɗauka tarin tsufa ne, na zauna ina ba ki labarin kujera.

Ki saurare ni da kyau. Maganar da na rubuta cewa a kashe ɓarawon kada a ji tausayinsa, na janye ta. Ki karɓi takardar nan daga aljihunsa ki yaga. Na san mutumin nan fiye da yadda kika san shi a wannan fannin. In kunnena ya gane injin ne, nasa ma zai gane, kuma zai iya kashe shi.

Ku ɗauka da ƙugin. Ki ce masa Kunne ne ya ce, ki nuna masa rubutuna. Ki ce na ce ƙugi irin wannan ana iya rage shi daga baya, murya kuwa ba a ƙera ta. Kada a sake goge komai, ko tari ne, ko atishawa.

Na fara haɗa muku wani abu da kayan da nake da su a nan. Batir ne da 'yar matatar wuta, za a jona akwatin makirufon a jikinsa maimakon bango. In kwamfuta tana kan batiri, akwati yana kan batiri, babu ta inda dattin injin zai bi ya shigo, ya yi ta aikinsa a gefe. Tun farko abin da ya kamata in aiko ke nan.

Kawunki

Ƙari: Motar ba ta zo ba. An yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta zaftaro ta rufe hanyar hawa. Na gangara da ƙafa har inda gwiwa ta yarda ina neman layi, ban samu ba. Na gama haɗa batirin, yana kan tebur tare da takardar nan.

Ƙari kuma: Har yau shiru. Ina zaune ƙarƙashin eriyar da ke kai maganar mutane ko'ina, ni kuma na rasa yadda zan aika da kalma ɗaya.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa muka ji ka shiru. Na je ma'ajiyar man da direban ke lodi, suka ce hanyarku ta lalace, amma in bar takarda za a tafi da ita in an buɗe. Inna lafiya. Baba kuma, bari yau in faɗa maka yadda yake.

Yana kan injin iskar numfashi tun kafin takardata ta farko. Shi ya hana in gaya maka. Ya ce ba ya son Kunne ya riƙa tuna shi da roba a hanci, kuma in an tambayi jiki ai da sauƙi ake cewa. Saboda ƙararsa muka kai injin ɗakin ajiya na ƙarshen baranda, muka ja doguwar roba ta ƙarƙashin ƙofa har falo. Makirufo ba ya jin sa daga can, shi ya sa ban kawo shi a raina ba da farko. Da na kashe komai ya rage shi kaɗai, na gane, na yi shiru da bakina.

Ashe shi ma ya gane. Ran nan na dawo daga shago na tarar da shi zaune gaban kwamfuta, fuska fal murna, leɓɓansa sun yi wani irin duhu. Ya miƙo min abin saurare. Gwaji ne ɗan gajere, yana ƙirge yana cewa ana ji, ana ji. Babu ƙugi ko kaɗan. Ya ce, "Kin ji? Na kama ɓarawon." Ya lallaɓa da kansa ya kashe injin, ya dawo ya gwada, ya koma ya kunna.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Ya bar ni na gama, sannan ya zaro takardarka ya sa yatsa a kan layin nan na kada a ji tausayin komai. Na ce ai Kawu bai san da injin ba. Ya ce, "Ko ya sani haka zai ce. Mu aikinmu ke nan." Inna tana gefe tana jan carbi, ta ce, "Ni ban ce ina son wani abu mai tsabta ba, Malam. Ni ka yi min surutunka kawai." Ya ce mata masu sauraro ba su san abin da ya dace da su ba.

Ya dai yi min alkawari ba zai sake ba. Na liƙe makunnin injin da salatif. Na je asibiti na roƙi tukunyar iska wadda ba ta bukatar wuta, don ya yi ɗaukar da ita, suka rubuta sunansa suka ce mu jira. Na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa leƙowa in ina shago.

Kawu, maganarka kaɗai yake ji a kan wannan abu. Ka rubuto masa, ko layi ɗaya ne, ka ce ya ɗauka da ƙugin. Ina jin tsoro ƙwarai.

'Yarka,
Auta

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Wannan karon ba zan ce maka da sauƙi ba. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a asibiti. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. An yi masa sutura, jama'a sun zo, har da tsofaffin abokan aikinku, suna ta tambayarka.

Ina shago abin ya faru, maƙwabciya ta je kasuwa. Ya ɓare salatif ɗin ya kashe injin, ya dawo falo ya zauna ya kunna ɗauka. Ya yi labaran titi kaf, tun daga mai shago har tela, da cikakkiyar muryarsa ta da. Ban san inda ya samo ta ba. Da ya zo rufewa sai numfashin ya ƙi. Ya yunƙura zai koma ɗakin ajiya, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Inna ce ta tafi, tana bin bango da hannu. Ta san ɗakin, amma ba ta taɓa taɓa injin ba, kullum ni ce ko shi. Ta yi ta laluben jikinsa tana danna duk abin da yatsanta ya samu, tana kiran maƙwabta. Kafin mai gyaran wuta ya ji ya hauro ya kunna, an daɗe.

Kwamfutar ba ta tsaya ba, Kawu, ta ci gaba da ɗauka. Na saurara sau ɗaya. Babu ƙugi, babu tak, ana jin komai. Ana jin tafin Inna a jikin bango. Kun samu sautin da kuke so, kai da shi.

Ka yafe min wannan layin. Na so in soke shi, amma na bar shi, domin haka zuciyata take a yanzu, kuma na gaji da rubuta maka abin da ba haka yake ba.

Abokiyar aikina ta taya ni yanke farkon, inda yake labarai lafiya lau, na ajiye shi daban. Jiya da safe na kunna wa Inna. Bai yi nisa ba ta ɗaga hannu ta ce in kashe. Na ce Inna ai muryarsa ce, dominki ya yi. Ta ce, "Na ji muryar. Shirun da ke bayanta ne ba zan iya ba. Ina zaune a nan aka yi shi, na san ko shirun mene ne." Ta ce in sa mata ɗaya daga cikin na baya, masu ƙugin. Sai da na gaya mata babu, duk mun goge. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuskarta wajen tagar.

Sai daga baya na tuna da memorin da na aiko maka. Shi kaɗai ya tsira, domin ya bar gidan kafin Baba ya tuna da shi. In yana nan, ka dawo min da shi yadda yake. Kada ka gyara komai a ciki, don Allah.

Auta

*

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mai Labarai, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri, ke da Yaya.

An buɗe hanya jiya. Direba ya miƙo min takardunki biyu a tare, na karanta su a tsaye a bakin mota. Tawa kuma tana hannuna, wadda na rubuta tun ranar da na ji memorin. Ga ta nan na haɗo miki, ba don ta wanke ni ba, don ki san dai na ji, kuma na yi ƙoƙarin faɗa.

Layin da kika ce in yafe miki, babu abin yafewa. Da hannuna na rubuta a kashe, da hannuna na rubuta kada a yi gaggawa. Kin gaya min tsoronki tun a takardar farko, na amsa miki da batun soket.

Memorin yana nan lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, kafin takardarki ta zo na zauna zan tace shi, domin hannuna ya saba, in ya ji datti sai ya kai. Na gwada a kan kwafi. Da na cire ƙugin sai ƙasan muryarsa ya bi shi, domin a wuri ɗaya suke zaune, ya koma kamar wani baƙo yana magana ta hanci. Na goge kwafin. Na asalin ban taɓa shi ba.

Batirin da na haɗa ma ga shi nan a kwali. Ban san amfanin da zai yi muku ba yanzu, amma ba zan iya ci gaba da ganinsa a kan teburina ba. Na nemi izinin sauka, in wanda zai canje ni ya hauro zan zo in durƙusa gaban Yaya.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, da kwali da memori da takardun biyu. Na karanta wa Inna wadda ta maƙale a kan dutse. Ta ce in gaya maka ka daina maganar durƙuso, ka zo dai, gwiwarka ba ta da wannan ƙarfin. Jikinta da sauƙi, kuma wannan na gaske ne, ta fara cin abinci.

Na jona batirinka sau ɗaya don in gani. Yana aiki. Na sa abin saurare ban ji komai ba, sai motsin labule. Na naɗe makirufon na haɗa su na ɗora a saman kabad. Asibiti sun aiko an ɗauke injin, kuma a ranar suka ce layin tukunyar iska ya zo kanmu.

Ban san ko ka tsaya ka ji surutun farkon ba, ko ƙugin kawai kunnenka ya bi. Ni ce nake cewa don Allah ku yi shiru. Sai Baba ya ce, "Jama'a masu sauraro, yau babu labarai, injiniya yana son jin ƙara." Inna ta ce, "To ai sai ka yi ta magana, duk ɗaya ne." Ya yi dariya har ta zame masa tari, ya ce, "Kin ji ta ko, Auta? Shekara da shekaru ban taɓa samun wasiƙar yabo daga wannan mai sauraron ba." Daga nan na ce shhh, suka yi shiru. Iyakar maganar ke nan.

Na sa mata shi a 'yar rediyo mai cin memori, na liƙa ɗan ƙyalle a kan makunnin don yatsanta ya gane shi. Kullum da safe takan zauna kusa da taga ta kunna kafin shayi. Ranar farko, da maganar ta ƙare aka shiga dogon ƙugin nan, na kai hannu zan mayar mata farko. Ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Bar shi. Ba ki ji ba? Injin yana aiki, yana nan zaune yana numfashi."

Haka take jin sa har ƙarshe, da ƙugin da tak ɗin da komai, sannan ta ce in kawo shayi. In ka tashi zuwa ka taho da safe, za ka same ta tana ji. Ka zauna ka ji tare da ita, kuma kada ka ce komai a kan sautin.

'Yarka,
Auta